Zuwan Fari Gaban Likitan Mata A Gyaɗi-Gyaɗi

A bakin hanyar Zariya, cikin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙasar Tarauni, akwai wani babban asibiti wanda sunansa a takarda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma mutanen gari ba su wahalad da bakinsu, Asibitin Malam su ke ce masa. An kafa shi cikin watan Agusta na shekarar 1988, watau shekara biyar bayan rasuwar Malam Aminu, Allah ya ji ƙansa. Da fari aron ɗakuna ya yi a asibitin Murtala da ke cikin birni, sai a 1996 ya tare a gidansa na yanzu. A nan ne ɗaliban likita na Jami'ar Bayero su ke koyon aiki, nan kuma ƙananan asibitoci su ke turo abin da ya gagare su.

In gari ya waye, hantsi bai ko ɗaga ba, sai mai kallo ya ga A Daidaita Sahu suna ta sauke mata a bakin ƙofa, daga Unguwa Uku, da Darmanawa, da Daurawa, da Hotoro, da Hausawa, har da waɗanda suka kwana bisa hanya daga Jigawa ko Katsina. Mafi yawansu sun saba, sun san inda za su nufa. Amma a cikin taron ba a rasa wadda ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba ta da wuyar ganewa. Ta ja mayafi har bisa gira, tana tafe a bayan wata babbar mace, idonta na ƙasa kamar wadda za a kai gaban alƙali. Babbar macen nan kuwa sau da yawa goggo ce, ko ƙanwar uwa, ko yaya, don in yarinyar 'yar fari ce uwa ba ta ko faɗin sunanta, balle ta zauna a ji maganar mararta a gabanta.

To, mai karatu ya iya cewa, ina ruwan malamai da 'yan kasuwa da wannan magana ta cikin ɗaki? Ai su ne masu ruwa da tsaki. Yarinyar nan ba ta iso bakin ƙofar asibiti ba sai da wani namiji ya ba da izini, wani ya ba da kuɗin mota da na kati, wataƙila kuma sai da aka aika wajen malamin unguwa aka tambayo ko ya halatta. In ɗayan ukun nan ya ƙi, tana ɗaki har yanzu tana shan jiƙo.

Malamai ma sun riga kowa sanin wani sashe na al'amarin. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, tun a Ahalari zai tarad da babin haila, inda aka kasa mata kashi uku, da mai farawa, da mai al'ada, da mai ciki. Zai karanta cewa iyakar hailar mai farawa kwana 15 ne, jinin biƙi kuwa iyakarsa kwana 60, abin da ya zarce haka jinin ciwo ne, watau istihala, mace ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Risala da Muhtasar sun faɗaɗa maganar ƙwarai. Amma littafin fiƙihu tambaya guda ya ɗauki alkawarin amsawa, ita ce, ta yi salla da azumi ko kada ta yi? Bai ɗauki alkawarin faɗin abin da ya kawo jinin ba. Magabata da suka kira shi jinin ciwo sun faɗi gaskiya, sun kuma nuna hanya, gama ciwo mai magani ya ke nema. Saboda haka in miji ya zo zaure ya ce, "Allah gafarta malam, iyalina yau kwana ashirin ba ta ga tsarki ba," amsar tana da rabi biyu. Rabin fari hukuncin salla. Rabi na biyu a ce masa ya kai ta asibiti.

Akwai wuri guda inda barin rabin nan na biyu ya kan ci rai. A mazhabar Imamu Malik mai ciki tana iya yin haila, kuma an ba ta hukuncinta na ibada. Wannan hukunci yana nan daram, ba wanda ya taɓa shi. Sai dai a wajen likitoci, jinin da mai ciki ta gani, kome ƙanƙantarsa, gargaɗi ne. A watannin fari yana iya zama ɓari ne ke tafe, ko kuwa cikin ya zauna a wajen mahaifa, cikin siririn bututun da ƙwai ke bi, wanda in ya fashe sai jini ya malale a cikin ciki, mace ta faɗi alhali ba a ga jini mai yawa a waje ba. A watannin ƙarshe kuwa yana iya zama mabiyiya ce ta tare ƙofa, ko ta ɓantare tun ba a haihu ba. Ko wanne daga cikin waɗannan ba ya jiran gari ya waye.

Haka nan maganar kwantaccen ciki. Malaman Malikiyya sun kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar, kuma da wannan hukunci aka tsare mutuncin mata da nasabar 'ya'ya masu yawa a gaban shari'a. Amma macen da ta ce cikinta ya kwanta shekara biyu, in aka ɗora mata na'urar hoto, a kan tarad da abubuwa iri iri: wata ƙari ne ya tsiro a mahaifa, wata ɗan ne ya mutu tun yana gudan jini bai fita ba, wata kuwa babu kome, al'ada ce kurum ta ɗauke don wani dalili da a ke iya gyarawa. Na'urar nan wani likita ne mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, ya bayyana amfaninta ga mata a shekarar 1958. Amsa kuwwa ce aikinta, tana aika sauti cikin jiki ya dawo ya zama hoto, ba ta yanka, ba ta ƙuna. Yau ga ta nan a manyan asibitoci da ƙanana cikin Kano.

To, a koma ga yarinyar da aka bari a bakin ƙofa, a ga abin da ke jiranta, don mafi yawan tsoronta na abin da ba ta sani ba ne.

Asibitin koyarwa ba shi ne matakin fari ba. Bisa tsari, a kan fara ne daga ƙaramin asibitin unguwa ko asibitin gwamnatin jiha, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takardar turawa. In ta iso sai a yanka mata kati, a rubuta sunanta da shekarunta. Malamar jinya ta auna nauyinta, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, wani lokaci a karɓi fitsari a 'yar kwalba. Sa'an nan sai zaman jira bisa benci, kuma jiran yana da tsawo, don masu nema sun fi masu dubawa yawa nesa ba kusa ba. Mai hikima ya kan zo da sassafe, da ruwan sha, da duk wata takardar asibiti ko kwalin magani da aka taɓa sha.

In an kira sunanta ta shiga, abin da zai ba ta mamaki shi ne, yawancin aikin magana ce. Likita zai gaishe ta, ya ce, "Malama, me ke tafe da ke?" Nan fa a ke yin ta. Goggo ce za ta karɓe, ta ce, "Likita, yarinyar nan dai ba ta jin daɗi." Ba ta jin daɗi kuwa magana ce da ta ɗauki ciwon kai har zuwa ciwon ajali. Sai likita ya bi a hankali. Shekararki nawa kika fara al'ada? Kwana nawa ta kan yi? Kwana nawa tsakanin wannan da waccan? Yaushe kika ga ta ƙarshe? Da guda-guda ta ke zuwa? Ciwon mara ya kan hana ki makaranta ko girki? Tambayar nan ta ranar ƙarshe ita ce uwar tambayoyi, da ita a ke lissafin watannin ciki da ranar haihuwa. Abin ban sha'awa, yarinyar da ta yi karatun Islamiyya ta kan fi kowa iya amsa ta, don ta saba ƙirga ranakun fashin salla da ramuwar azumi. Wadda ta riƙe kwanan watan Musulunci kurum, ta faɗa da shi, mayad da shi na Bature ba wuya.

Sau da yawa likita ya kan ce wa mai rakiya, "Hajiya, ɗan ba mu wuri kaɗan." Kada goggo ta ɗauka raini ne. Akwai abin da amarya ba ta iya faɗi gaban dangin miji, akwai wanda budurwa ba ta iya faɗi gaban danginta, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin maras lafiya. Likita da aka ɓoye wa rabin labari, rabin magani zai bayar.

Sa'an nan a zo ga abin da ya hana ta barci jiya, watau dubawa. Ga yadda ƙa'idar aikin ta ke. Ba a duba mace sai an gaya mata abin da za a yi, ta kuma yarda. A kan ja labule, a rufa mata zane, ba a buɗe sai wurin da a ke bukata. In likita namiji ne, lalle ne wata mace ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin har a gama. Da ya ke asibitin na koyarwa ne, a kan ga ɗalibai a bayan likita, kuma tana da ikon ta ce ba ta son a duba ta a gabansu. Budurwar da ba ta san namiji ba kuwa, iyaye su kwantad da hankalinsu, bisa al'adar aikin ba a sa mata wani abin awo ta gaba. A kan duba idonta don ganin ko jini ya yi ƙaranci, a taɓa ciki ta waje, in da bukata ta sha ruwa mafitsara ta cika a ɗauki hoto ta bisa mara. A ƙasar Amurka ƙungiyar likitocin mata ta ba da shawara yarinya ta fara ganin likitan mata tsakanin shekara 13 da 15, kuma su ma zuwan fari yawanci hira ce da tambaya.

Matar aure ita ce a kan duba da wani ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa, wanda ke buɗe hanya a ga bakin mahaifa. Aikin 'yan mintoci ne, akwai rashin daɗi, amma bai kamata ya yi zafi ƙwarai ba, in ya yi ta faɗa a tsaya. Ƙa'idar nan ta neman yarda ba daga sama ta faɗo ba. Wani likitan Amurka mai suna Marion Sims, wanda Turawa suka daɗe suna kira uban wannan fanni, tsakanin 1845 da 1849 ya koyi ɗinkin yoyon fitsari a jikin bayi mata baƙar fata a jihar Alabama, yana yanka su sau da sau ba maganin kashe zafi, su kuwa ba su da bakin cewa a'a. A shekarar 2018 aka tumɓuke gunkinsa daga babban lambun birnin Niyok. Hakkin da yarinyar Tarauni ta ke da shi yau na ta ce a dakata, waɗancan bayin Allah ba su same shi ba.

Saura babbar mas'ala, wadda ita ce ke tsayad da mazaje da yawa: namiji ya duba matar wani? Malaman fiƙihu ba su bar wannan a duhu ba. Mace ita ta fi cancanta ta duba mace. In ba a sami mace mai sanin aikin ba, larura ta halatta namiji ya duba gwargwadon bukata, ba tare da kaɗaita ba. Matsalar ma tsohuwa ce. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, a cikin littafinsa Attasrif ya koka bisa wuyar samun mace mai sanin aikin fiɗa, har ya ba da shawara a kawo ungozoma ta yi aikin da hannunta likita yana gaya mata yadda za ta yi. Shi ne kuma ya zana kamannin kayan aikin karɓar haihuwa don masu koyo. A ƙasar nan ma shugabannin jihadi ba su ɗauki ilmin magani abin ƙyama ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kansa, har da na ciwon ido da na basir.

Abin da Azzahrawi ya nema bai samu ba, yau akwai shi. Macen fari da ta zama likita a Nijeriya, Elizabeth Awoliyi, ta gama karatunta a Dabilin ta ƙasar Ailan a 1938, kuma aikin mata ta yi a Ikko. A Kano an jima kafin a sami irinta, amma an samu. A Asibitin Malam akwai Farfesa Hadiza Galadanci, wadda ke cikin matan farko na ƙasar Kano da suka ƙware a fannin mata da haihuwa, ta kuma koyad da likitoci masu yawa, maza da mata. Duk da haka mata likitoci ba su kai yawan da ko wace mai ciwo za ta sami mace a ko wace sa'a ba, musamman da tsakar dare. Mai neman mace ta duba matarsa ya nema, hakkinsa ne kuma nata ne, amma in jini na zuba ba a jiran canjin aiki. Akwai kuma wata magana mai ɗaci da ya kamata a faɗa: mutumin da ya cire 'yarsa daga makaranta tana aji uku, sa'an nan ya zo yana faɗa don bai sami likita mace ba, daga gidan wa ya ke so a samo ta?

Me a kan tarar in an duba? Mafi yawa abu ne mai sauƙi. Ciwon mara na 'yan mata, da rikicewar al'ada a shekarun fari, da ƙaiƙayi da fitar ruwa, waɗanda mata ke tarawa duka su kira ciwon sanyi alhali iri iri ne, ko wanne da maganinsa. Wani irin ma sai an haɗa da miji an yi magani, in ba haka ba ta warke ya sake ba ta. Alamun da ba a zama da su a gida su ne: yarinya ta kai shekara 15 ko 16 ba ta fara al'ada ba, ko jini ya riƙa wuce kwana 8, ko ya ɗauke wata uku ba ciki, ko a ga jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari, ko kumburi a mara ko a nono.

Abin da ke ɓata wa likitoci rai shi ne ɓarnar da aka yi kafin a zo. Kayan matsi da a ke sayarwa amare a ƙulle cikin leda, ba a san abin da aka haɗa ba, waɗansu suna ƙona fatar ciki har hanya ta tsuke ta manne. Ga yankan gishiri, inda wanzami ko tsohuwa ke sa aska a gaban mace don ta ƙi miji, ko ba ta haihu ba, ko naƙuda ta yi tsawo. Askar nan tsakaninta da mafitsara bai fi kaurin fata ba, in ta zarce sai yoyon fitsari. Amma babban mai kawo yoyon fitsari shi ne doguwar naƙuda, kan ɗa ya tokare a ƙugu kwana biyu ko uku, naman da ya danne ya mutu ya huje. Wanda ya ke shakka ya je sashen Laure a asibitin Murtala, ko Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke dubban mata. Da yawansu haihuwar fari ce, kuma ba su taɓa zuwa awo ba.

Nan ne ƙididdiga ke da amfani, 'yan kasuwa kuwa sun san darajar lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka. Tun tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya a asibitin Zariya, ya tarar mutuwa ta fi auka wa waɗanda ba su yi awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci. Shi ya sa hukumar nan a 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na fari kafin ciki ya wuce mako 12. A wajen awo ne a ke gane hawan jini tun bai zama jijjiga ba, a ba da ƙwayar ƙarin jini, da ta rigakafin zazzaɓin sauro, da allurar sarƙewar haƙora, a kuma san rukunin jininta.

Jijjigar nan, wadda a kan ce iska ce ko shafar aljanu, a tsaya hayaƙi da turare, ta fi kama masu cikin fari. A shekarar 2008 aka shigad da wata allura mai araha, magniziyam salfet, a asibitoci 10 na Jihar Kano. Kafin nan cikin mata 100 da ciwon ya kama wajen 21 ke mutuwa, bayan nan suka koma wajen 2. Rubutu da tofi ba su hana allura, a yi addu'ar cikin mota ana tafiya.

Zubar jini bayan haihuwa kuwa, labarinsa zai yi wa mai awon hatsi daɗi. Da, da ido ungozoma ke ƙiyasta jinin da ya zuba, ido kuwa ya kan rage mudu. Sai aka yi wani babban gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya, da Kenya, da Tanzaniya, da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, Farfesa Galadanci ce ta shugabanci sashen Nijeriya. Aka riƙa shimfiɗa wa mai jego wata leda mai jaka da ma'auni, jinin ya taru a gani a rubuce. Da ya kai rabin lita, sai a haɗa magunguna duka a lokaci guda, a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, maimakon a gwada wannan a jira sa'an nan a gwada wancan. Da aka bayyana sakamako a 2023, mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun ragu da kashi 60 cikin 100. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa sunan Farfesar cikin mutum 100 mafiya tasiri a sha'anin lafiya a duniya.

Akwai wani ciwo kuma da ba ya nuna kansa sai ya yi nisa, shi ne sankarar bakin mahaifa. A 2020 an kimanta mata 12,000 suka kamu da ita a Nijeriya, 8,000 suka mutu. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano a 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta ce da a ke ɗauka ta saduwa ke haddasa ta. Kada a yi saurin zargi, mace mai miji ɗaya tak tana iya samu daga mijin, kuma cutar ta kan yi shekara goma ko ashirin tana kwance kafin ta zama sankara. Wannan jinkiri nata shi ne rahama, don a cikinsa gwajin bakin mahaifa ke kama ta a ƙone wurin tun bai zama kome ba. Ana so mace ta fara gwajin tana shekara 30, mai ɗauke da ƙanjamau kuwa tana 25. A ran 24 ga Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta, allura guda, kuma Kano na cikin jihohin da aka fara da su. An yi ta raɗe-raɗin wai tana hana haihuwa. Tun 2006 a ke yin allurar a ƙasashen duniya, waɗanda aka yi wa suna yara sun yi aure sun haifu.

Tun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere, da jinin sikila, 'yan mata da yawa a Kano da wannan gwaji su ke fara sanin ƙofar asibiti. Limamai da waliyyai su ne ke karɓar takardar ran ɗaurin aure. Tun da an riga an je, ba asara ba ce a bar yarinyar ta zauna da likita ta tambayi abin da ba ta iya tambayar kowa a gida.

In kuwa an yi aure shekara ta kewayo ba ɓatan wata, a nan ne adalci ya kan yi wuya. Ita a ke kaiwa asibiti, ita a ke bai wa jiƙo, ita a ke yi wa habaici, daga baya a yi mata kishiya. Likitoci kuwa sun tabbatad da cewa a cikin gidajen da haihuwa ta yi jinkiri, kaso mai yawa daga wajen namiji matsalar ta ke, ko daga su biyun. Gwajin mace yana da tsawo da tsada, da jini, da hoto, da wankin bututu. Gwajin namiji kuwa 'yar kwalba ce guda, sakamako ya fito cikin yini ko biyu. Likitan kirki, ranar da amarya ta fara zuwa da wannan kuka, zai ce mata, "Ki gaya wa maigida ina son ganinsa." Da yawa ba su zuwa. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhu sai ya soka masa tsinke ya ga abin da ke ciki, shi ne zai yi aure uku bai gwada kansa ba.

Sauran magana ta izini ce da kuɗi. Fatake da masu shago a Kantin Kwari da Singa da Dawanau mutane ne masu tafiya, yau Ikko, gobe Maraɗi, jibi Saudiyya ko Sin. Naƙuda ba ta duba ko maigida na gari. An sha ganin mace tana zubad da jini a ɗaki, mota na ƙofar gida, ana ta neman miji a waya don ba wanda zai ɗauki nauyin fitad da ita. Maganin wannan kalma ce guda da a ke faɗa tun ciki na ƙarami, a gaban uwa da maƙwabci: in abu ya taso a kai ta, ba sai an neme ni ba. A ajiye kuɗin mota da na magani a hannun wanda ke gida, a san wanda zai sa hannu in an ce sai fiɗa, a kuma san 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini. Abin da a ke ɗiba a jikin mai bayarwa bai kai rabin lita ba, ruwansa ya kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni, kuma lafiyayyen namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku.